Matafiya Masu Hidima: Daga Faru Zuwa Bakin Kogin Nilu

A Turai da Amurka akwai abin da matasa ke yayi. Mutum ya ajiye aiki ko karatu, ya saɓa jaka, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana zaga duniya. Duk inda ya yada zango sai ya kama aikin sa kai a makaranta ko asibiti ko gona, a ba shi abinci da makwanci. Har kamfanoni gare su masu shirya irin wannan tafiya, kuma sau da yawa matafiyin ne ke biyan kuɗi domin a bar shi ya yi aikin kyauta. Mu a nan tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, doguwar tafiya haɗe da hidima ba baƙuwarmu ba ce. Mun fita mun yi wa wasu, wasu sun zo sun yi mana, kuma kowane ɓangare cike yake da abin al'ajabi.

Malamin da ya mayar da zinariya

Kafin jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, daga ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon na 1790. Ɗaya daga cikin mazaunansa shi ne Faru, a ƙasar Maradun ta yau. Babu sarkin da ya aiko shi, babu mai biyan sa. Yana tafe da ƙanensa Abdullahi da almajirai, yana karantar da jama'a da harshen da suke ji, maza da mata, har aka samu malamin da ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa, Abdullahi ya mayar masa da martani a rubuce.

A wannan zamani ne, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami domin sallar layya, ya yi musu rabon dukiya. An ruwaito cewa rabon Shehu miskali 500 ne na zinariya. Ya ƙi karɓa, ya nemi abu 5 a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda ke son amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. Sarki ya amince.

Shi kuwa Shehun, duk da yawan tafiyarsa, bai taɓa zuwa Makka ba. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas, malamin ya wuce hajji, ya ce masa ya juya gida tunda bai nemi izinin mahaifinsa ba.

Malfar mata

'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Ana zaɓen dattijuwa mai hankali daga ƙauye, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan ƙyalle na naɗi. Ita za ta jagoranci ayarin mata a ƙasa zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Ba a biyan jaji ko anini. Ita da ayarinta ne ma ke ɗauko sadakar hatsi da zare da man shanu, a raba wa mabuƙata. Bayan rasuwar Nana da sama da shekara 100, wasu Musulmi baƙar fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar mata da wannan suna, suna bin wannan tsari.

Hajjin ƙasa

Idan ana neman tafiyar da ta fi kowace tsawo a tarihin Bahaushe, ita ce wannan. Mutum ya sayar da 'yar akuya da jaki, ya yi sallama da dangi sallamar da ba a sa ranar dawowa, a yafi juna, wani ma ya raba gadonsa tun yana raye. Hanya ta bi ta Kano da Maiduguri, ta tsallaka Chadi ta Abeshe, ta shiga Darfur ta Janaina da Fashir, ta wuce Ubayyid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin, inda ake neman jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzurin da aka fita da shi ba ya kai mutum ko rabin hanya. Saboda haka sai a tsaya a yi aiki: wannan ya yi wanzanci, wannan yankan farce, wannan ga-ruwa, wannan ɗinkin hula. Malami ya kafa allo a gindin bishiya ya karantar da yaran gari damina biyu, a ba shi hatsi, ya ƙara gaba. Tafiyar kan ci shekaru, zuwa da dawowa. Yaron da aka goya aka fita da shi yakan dawo da gemu.

A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a kan Shuɗin Nilu, aka buɗe gonakin auduga na Jazira. Wa zai tsinci audugar? Alhazan hanya. Dubban mutanenmu suka zama ƙashin bayan wannan noma, kowa na cewa kaka ɗaya zai yi ya tara kuɗin jirgi.

Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya zauna da su a yankin Wad Madani, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, amma ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanyar Makka. Wasu ba su yarda su yi gini mai ƙarko ba, don kada ya zama sun fasa niyya. Ni dai ban san wata al'umma a duniya da ta riƙe niyyar tafiya ɗaya har zuriya huɗu ba, kuma duk lokacin da na tuna su sai in ji girmansu a raina.

Akwai kuma waɗanda hijira ta kai. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, ya ratsa ƙasar Zamfara, jama'a na barin gonakinsu suna bin sa. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har Sudan, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu sunansa yake amsawa har gobe: Mai Wurno. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya bi ta kan waɗannan 'yan uwa namu, Wad Madani kanta ta faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar a Disambar shekarar. Kaɗan ne a cikinmu suka tambayi halin da suke ciki.

Waɗanda suka isa Makka kuwa suka zauna, jikokinsu na nan. A gasar cin kofin duniya ta 2018, 'yan wasa 3 a tawagar Saudiyya sunan zuriyarsu Hausawi: Usama, wanda shi ne kyaftin, da Umar da Mu'utaz.

Tun kafin su, wani malamin Katsina, Muhammadu al-Kashinawi, ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira yana koyar da hisabi da ilimin hatimi. A can ya rasu a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa da zai yi hajji a 1921, ta Ingila ya bi a jirgin ruwa. Unguwar Wapa ta Fagge a Kano, inda ake canjin kuɗi yau, ta samo asali ne daga kamfanin jigilar alhazai da su Alhaji Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa a 1948.

Fatake, a gurguje

Ayarin goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja yakan yi wata 6 zuwa shekara kafin ya dawo. Madugu a gaba da shawara, jagaba da sanin hanya, kuma da wuya ayari ya tashi ba malami, mai duba ranar fita, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa. Wani rukuni na manyan fataken goro, Kambarin Barebari, a Gummi suka yi sansani. Malaman da suka bi ayari ba duka suka dawo ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato, ya bi fatake zuwa Salaga, ya ƙare a Kete-Krachi ta Ghana yana limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Zango-zangon Kumasi da Accra da irin waɗannan mutane aka gina su.

Yaron da ya ga Tambutu da Landan

A 1853 Bature Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Zurmi zuwa Wurno da Sakkwato. A cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa aka kai Kukawa, abokin tafiyar Barth ya 'yanta shi. Dorugu ya je Tambutu, ya tsallake Sahara, ya isa Landan a 1855. A can ya zauna da wani malamin mishan, Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, kuma daga bakinsa aka rubuta kaso mai yawa na Hausar farko da aka buga da boko. Ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ana kiran sunan Barth a jami'o'in duniya. Dorugu ko titi ban ji an sa wa sunansa ba, kuma wannan rashin adalci ne da ke hannunmu gyarawa.

Katin da ya faɗi a Ibadan

Yanzu ga masu zuwa mana. Shugaban Amurka John Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, domin tura matasa aikin sa kai na shekara 2 a ƙasashen waje. Najeriya na cikin ƙasashen farko. 'Yan ayarin farko ko wata guda ba su cika ba, a Oktoban shekarar, wata budurwa cikinsu, Margery Michelmore, ta rubuta wa saurayinta katin gaisuwa tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani. Katin ya faɗi kafin ya kai gidan waya. Wani ɗalibin jami'ar Ibadan ya tsinta, aka kwafe shi aka raba, ɗalibai suka yi zanga-zanga, labari ya kai jaridun duniya, ita kuwa ta koma gida.

A wannan ayari na farko akwai wani saurayi, Paul Newman, da aka tura koyarwa a Maiduguri. Shi bai yi gaggawar yanke hukunci ba, ya zauna ya kasa kunne. Daga baya ya koyar a Kano, kuma a 2000 ya fitar da littafin nahawun Hausa da ya fi kowane girma. Russell Schuh ma ta wannan ƙofa ya shigo, ya yi aikin yaƙi da jahilci a Nijar a tsakiyar shekarun 1960, ya ƙare yana koyar da Hausa a jami'ar California. Shirin na Peace Corps ya yi aiki a Nijar daga 1962 har Janairun 2011, lokacin da aka kwashe 'yan sa kan bayan sace wasu Faransawa 2 a Yamai.

Takwararsa ta Ingila, VSO, an kafa ta a 1958. Wanda ya kafa ta tare da matarsa, Alec Dickson, shi ne tun farko ya buɗe sansanin horar da matasa a gaɓar Man O' War, a Kamarun da ke haɗe da Najeriya a lokacin. Wato 'yan Man O' War da ke sa masu yi wa ƙasa hidima tsalle da hawan igiya a sansani, da baƙin malaman da suka koyar a makarantun sakandaren Arewa, tushensu ɗaya.

Wanda ya sunkuya ya duba kututture

Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ne, ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin mishan ta SIM domin dashen itatuwa. Ya dasa, rana da iska da awaki suka cinye. A 1983, a kan wata hanya mai yashi, ya tsaya rage iskar tayar motarsa, idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da kowa ke ɗauka ciyawa ce. Ya matsa ya duba ganyen, sai ya ga ashe bishiya ce da aka sare, saiwarta na nan da rai a ƙasa, kowace shekara tana tohowa, kowace shekara ana sassabe ta. Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar ko sisi: manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Manoman Nijar suka sa mata suna sassabin zamani, suka yaɗa ta baki da baki. An ƙiyasta ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Rinaudo ya yi kusan shekara 18 a can, ya iya Hausa, an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Duk manomin tudu a Bakura ko Maradun yana da irin wannan kututture a gonarsa.

Baƙin da ba su tambaya ba

Ba za a yi zancen baƙi a ƙasar nan a tsallake Bakolori ba, ko da yake su ba 'yan sa kai ba ne, 'yan kwangila ne. Kamfanin Impresit na Italiya, reshen Fiat, ya gina madatsar a kan gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An tashi mutum wajen 13,000 daga gidajensu. An hana manoma shuka ana daidaita filaye, diyya ta yi ta jan ƙafa, masu fadama a ƙasan madatsar suka rasa ambaliyar da shinkafarsu da kifinsu suka dogara da ita. Manoma suka tare hanyoyi. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, manoma da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Injiniyoyin sun san kankare sun san ruwa. Da sun zauna da masu fadama damina ɗaya tak kafin su ja layi a takarda, da an ji abin da za a ji tun ba a zubar da jini ba. Yau ruwan yana ciyar da dubban gidaje da shinkafa da kayan lambu, amma dattawan Birnin Tudu da kewaye ba su manta kuɗin da aka biya ba.

Agwagi ne suka fara mutuwa

A farkon 2010, a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu na kudu, mutane suka lura agwagi na ƙarewa. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ba da magani bai yi ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, su suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa, suka aika jini gwaji a Turai. Gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. A ƙauyuka 2 da aka bincika gida-gida, yaro 1 cikin 4 na 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta kai 400 ko fiye.

Maganin akwai shi, ƙwaya ce mai kama dalmar ta fitar da ita ta fitsari. Amma ba ta da amfani idan yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Dole sai an wanke gari tukuna. Masana daga jihar Idaho ta Amurka, waɗanda suka goge a share garin masu haƙar ma'adinai a can, suka zo da wata na'ura ta riƙewa a hannu, a ɗora bakinta a ƙasa ta faɗi yawan gubar nan take. Samarin gari suka ɗauki fartanya da shebur. A fitar da kayan ɗaki, a kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, a ɗura a buhu, a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Gida bayan gida, a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasan Najeriya sun yi ta matsa wa gwamnati lamba a intanet kafin a saki kuɗin. MSF ta yi sama da shekara 10 a kan wannan aiki. Ita kanta ƙungiyar, wadda aka kafa a Faransa a 1971, daga likitocin da suka yi aiki a yaƙin basasar Najeriya ta samo tushe. Kuma a lura: mafi yawan ma'aikatanta a nan 'yan ƙasa ne, yaranmu ne.

Tsinken awo da ƙullin gyaɗa

A babban asibitin Talata Mafara ma ƙungiyar MSF na taimakawa wajen jinyar yara masu tamowa. Awon farko da wani siririn tef ake yi, a zagaya shi a damtsen yaro: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, sai magani. Maganin kuma tunkuza ce ta zamani, gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai a 'yar leda mai nauyin giram 92. Wani likitan Faransa, André Briend, ya haɗa ta a 1996, kuma a Maraɗi ta nuna kanta lokacin yunwar 2005, inda aka yi jinyar dubban yara a gidajen iyayensu maimakon kwantar da su. Abin da ke ci mini rai shi ne, gyaɗar tamu ce, ƙasar noma ce, abin da ya hana uwa ciyar da ɗanta shi ne gonar da ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga.

A Sakkwato kuma akwai asibitin da aka buɗe a 1999 domin cutar nan mai cin naman fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma. Likitocin fiɗa daga ƙasashe daban-daban kan ɗauki hutu su zo su yi makonni suna gyaran fuska kyauta. Najeriya ce ta jagoranci neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, aka kuma sa ta a Disambar 2023.

Masu fita da guzurinsu

'Yan da'awa na jama'ar Tablig, wadda Maulana Muhammad Ilyas ya kafa a Indiya a 1926, suna fita kwana 3, ko kwana 40, ko wata 4, kowa da kuɗin aljihunsa, da tabarma da tukunya, a masallaci suke kwana. Ta haka Bapakistane kan kwana a masallacin ƙauyen Zamfara, ɗan kasuwar Gusau ya kwana a na Bangladesh. Ko mutum ya yarda da tsarinsu ko yana da ja, a cikin masu tafiya mai nisa fi sabilillahi a zamanin nan da wuya a samu masu yawansu.

Hanya ta ƙuntata

Ɗan Jamus mai shekara 19 zai iya yanke shawara yau, wata mai zuwa yana Afirka. Takwaransa na Mafara, kuɗin neman bizar Turai kaɗai Yuro 90 ne tun 2024, kuma in an hana shi ba a mayar masa. Ko nan kusa abin ya canza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga maƙwabciyar ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, amma bayan juyin mulkin Nijar an rufe iyakar Illela da ta Jibiya daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. A cikin gida kuwa, a Agustan 2023 aka tare motar wasu matasa daga Akwa Ibom a hanyar Zamfara, suna tafiya Sakkwato yi wa ƙasa hidima, aka shiga daji da su. Baƙi ne da suka taso daga bakin teku domin su koyar da yaranmu. Mu kanmu, daga Mafara zuwa Maradun sai an tambayi labarin hanya kafin a tayar da mota.

Najeriya ma na aikawa

Mutane da yawa ba su san wannan ba. Tun 1987, zamanin Janar Babangida da ministan harkokin waje Bolaji Akinyemi, Najeriya ke da nata shirin 'yan sa kai, TAC, mai tura likitoci da malaman jinya da malaman makaranta da injiniyoyi aikin shekara 2 a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Pasifik. Najeriya ke biyan alawus da kuɗin jirgi, mai masauki ya ba da gida. 'Yan Najeriya sun koyar a Gambiya da Uganda, sun yi jinya a Jamaika da Belize, sun kai har Fiji. Da cutar Ebola ta addabi Laberiya da Saliyo, a Disambar 2014 ma'aikatan lafiya kusan 200 suka tashi daga nan ƙarƙashin Tarayyar Afirka, da ƙafarsu suka shiga inda kowa ke gudu. Shirin 'yan sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya ma, mai hedikwata a Bonn, mafi yawan mutanensa daga ƙasashe masu tasowa suke fitowa.

Ina so in ga sunayen 'yan yankin nan a waɗannan jerin. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Talata Mafara, muna da kwalejin aikin gona a Bakura. Wanda ya tashi a bakin magudanan Bakolori ya san rabon ruwa tsakanin manoma, ya san dashen shinkafa da ciwon tumatir, ya kuma san abin da ke faruwa idan aka yi wa mutane aiki ba a tambaye su ba. Masu noman rani a bakin kogin Gambiya da kogin Senegal suna fama da waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya. TAC na tallata ɗaukar mutane lokaci-lokaci, tana neman mai shaidar karatu da ya gama yi wa ƙasa hidima ya kuma taɓa aiki, kuma ya kamata shugabannin waɗannan makarantu su riƙa liƙa sanarwar a allon ɗalibai da na malamai duk lokacin da ta fito.